Maganin ɗaukewar al'ada: shekarar 1975 da aka manta a muhawarar Damagaram

Tun da hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sanar, a Nuwamban 2025, cewa za a cire babban gargaɗin da ke jikin kwalin maganin homon (sinadaran da jikin mace ke samarwa) na matan da al'adarsu ta ɗauke, maganar ta ƙi kwanciya a Damagaram. A gidan suna, a wajen biki, a saƙon murya na WhatsApp, mata sun rabu gida biyu. Wasu na cewa ai masu maganin da kansu sun wanke shi, a sha a huta da gumin dare. Wasu kuma sun rantse sankarar mama ce mutum zai saya da kuɗinsa. Kowa na magana kamar jiya aka fara, alhali rigimar ta girmi yawancin masu yin ta.

Farkon labarin ba ya buƙatar dogon zama. A 1929 masana suka fara tace estrojin, sinadarin da ƙwan mace ke rage samarwa idan ta kai shekara 45 zuwa 55. A 1942 aka amince da sayar da ƙwayarsa a Amurka, wadda ake haɗawa daga fitsarin goɗiya mai ciki (mu da muke tinƙaho da dawakin hawan Sallah, ga abin da wasu suka yi da nasu). Cikin shekarun 1960 ana shan ta kamar maganin tsufa. Sai Yulin 2002, lokacin da aka tsayar da wani babban bincike kan maganin, na mata fiye da 16,000 a Amurka kafin wa'adinsa, saboda an ga ƙarin mutum 8 masu sankarar mama a cikin kowace mata 10,000 a shekara, da ƙarin shanyewar ɓarin jiki da daskarewar jini a jijiya. Mata suka watsar da maganin. Daga baya ne aka koma aka duba cewa matsakaicin shekarun matan binciken 63 ne, kuma lissafin riba da haɗari ya fi sauƙi ga wadda ba ta kai 60 ba, ko ba ta wuce shekara goma da ɗaukewar al'ada ba.

Wannan kowa ya ji ƙishin-ƙishinsa. Abin da ba na jin ana ambata shi ne Disambar 1975.

A watan nan aka fitar da bincike biyu a Amurka, ɗaya daga Los Angeles, ɗaya daga Seattle, duka suna nuna abu guda: matan da ke shan estrojin shi kaɗai suna kamuwa da sankarar cikin mahaifa ninki huɗu zuwa bakwai fiye da waɗanda ba sa sha, kuma haɗarin na ƙaruwa da daɗewar sha. Dalilin a fili yake ga duk wadda ta san yadda wata ke zagayowa. A rabin farko estrojin yana shimfiɗa sabon bango a cikin mahaifa. Bayan ƙwai ya fita sai wani sinadarin, projestaron, ya zo ya taka masa birki, idan ba a samu ciki ba bangon ya zube, shi ne jinin haila. To a ba mace estrojin kullum ba tare da abokin aikinsa ba, kamar maginin da ke ta lafta yaɓe a katangar Birni ne, shekara da shekaru, ba mai kankarewa. Bangon sai ya yi ta kauri har wani sashe ya rikiɗe.

Likitoci ba su jefar da maganin ba. Gyara suka yi: duk matar da mahaifarta ke nan, a haɗa mata da projestaron, ko kullum ko kwana goma sha biyu zuwa sha huɗu a wata. Wadda aka cire wa mahaifa ba ta buƙatarsa. Da haka haɗarin ya sauka. Daga nan kuma maganin ya daina zama ƙwaya ɗaya ta kowa da kowa, ya koma abin da sai an tambayi mace tarihinta, an gwada hawan jininta, an duba mamanta, kafin a ce mata ga naki. Har ma abin da ya biyo baya a nan ya samo tushe: rukunin da aka tsayar a 2002 masu shan haɗin biyun ne, su kuwa waɗanda aka cire wa mahaifa suna shan estrojin kaɗai, da aka tsayar da nasu a 2004, ba a ga ƙarin sankarar mama a cikinsu ba. Kuma a sanarwar 2025 ɗin da ake ta yawo da ita, gargaɗin sankarar mahaifa kan estrojin shi kaɗai an bar shi inda yake. Wannan sashen bai shigo saƙon murya ba.

Na daɗe a kan 1975 ne saboda mu ya fi shafa. Mace a nan ta san hanyar asibiti muddin tana haihuwa: awon ciki, rigakafin yaro, tsarin iyali. Ranar da haihuwa ta tsaya, sai ƙafarta ta ɗauke daga can, ita ma ba ta san ɗakin da za ta nufa ba. Zafin da ke taso mata daga ƙirji zuwa fuska a ce masassara ce, faɗuwar gaba a ce iska, saurin fushi a ɗora wa kishiya, bushewar gaba kuwa kunya ta hana a faɗa. Wanda ke kusa shi ne mai tiren magani da ke yawo cikin rana a kasuwar Dole, wanda ba zai taɓa tambayar ta ko tana da mahaifa ba, kuma shi kansa bai san abin da ke cikin ƙwayar ba. Ga kuma bambancin da ba a kawo shi cikin hira: na shafawa a fata ko na mannawa bai kai na haɗiya haɗarin daskarewar jini ba, na sawa a gaba kuwa kaɗan ne ke shiga jini.

Gwaggona ta yi shekara uku tana yaye bargo da tsakar hunturu, ta fito tsakar gida ta kwankwaɗi ruwan randa, yara na dariya. Wata maƙwabciya ta kawo mata wasu ƙwayoyi a ƙulle cikin leda, babu kwali, babu takardar likita, ta sha wata da watanni, gumin kuma ya yi sauƙi. Ran nan sai ga jini. Ta kira ni gefe.

"Ɗiyata, abin ya dawo. Na aika a tambayo mini Malam, in ajiye sallah ko in ci gaba."

Na ce, "Gwaggo, a tambayi Malam, amma gobe da sassafe sai mun je an yi miki hoton ciki."

Jinin da ya zo bayan mace ta yi wata goma sha biyu ba ta gani ba, likita ne ke fara duba shi, ko tana shan magani ko ba ta sha. Ta yi shiru tana gyara ɗaurin zani, sannan ta ce in bari sai Alhaji ya dawo daga Kano, kuma kada in gaya wa kowa a gidan. Da za mu tafi na ce ta ɗauko ledar, ƙwaya huɗu suka rage a ciki.