Ba Sarki Kwanstantin Ne Ya Ƙirƙiro Sunan Kirista Ba

Mutane da dama sun daɗe suna ɗauka cewa Sarkin Rum Kwanstantin ne ya raɗa wa Kirista sunansu, ya kuma kafa musu coci, alhali sunan ya girme shi nesa ba kusa ba. Littafin Ayyukan Manzanni, wanda ke cikin Baibul, ya nuna cewa a birnin Antakiya, wanda ke ƙasar Turkiyya a yau, aka fara kiran almajiran Yesu da shi tun ƙarni na farko, kafin nan kuwa "masu bin Hanya" ko "Nasara" (wato mabiyan Yesu mutumin Nazarat) ake ce musu. Ko da Kwanstantin ya halatta addinin a shekarar 313, ya tarar da majami'u da bishop-bishop ɗinsu a birane kamar Rum da Iskandariya.