Kaɗaici da ganin rai a jikin mutum-mutumi

Masana halayyar ɗan Adam sun lura cewa wanda ya rasa abokin hira ya fi saurin jingina wa abin da ba shi da rai tunani da tausayi. Abin ya fi fitowa fili a kan mutum-mutumin da ake ƙerawa don ɗebe wa mutane kewa.

Tarihin nazarin

A 1944 masana halayyar ɗan Adam Fritz Heider da Marianne Simmel suka nuna wa mutane gajeren fim na alwatika biyu da da'ira ɗaya suna motsi. Yawancin masu kallo suka ba da labari irin na mutane: wannan azzalumi ne, wancan yana neman tsira.

A 2007 Nicholas Epley, Adam Waytz da John Cacioppo suka kawo dalilai uku da ke sa mutum ganin rai a abin da ba shi da rai: mutum yana auna komai da kansa, yana son gane abin da ke gabansa, kuma yana da ƙishin zumunci. Binciken da Epley da abokansa suka fitar a 2008 ya nuna masu kaɗaici sun fi yarda cewa Clocky, agogo mai tayoyi da ke tserewa idan ya buga ƙararrawa, yana da nufin kansa.

AIBO

Kamfanin Sony ya fito da wannan karen inji a 1999, ya daina ƙera shi a 2006, ya rufe gyaransa a 2014. A 2015 wurin ibadar mabiya Buddha na Kofukuji, a garin Isumi na Japan, ya fara yi wa waɗanda suka lalace jana'iza. Ana jera su, kowanne da takarda ɗauke da sunan mai shi da garinsu, a yi addu'a, sannan a ciri sassansu a gyara wasu. Baƙin cikin masu su na gaske ne, bai kamata a raina shi ba.

Paro

Takanori Shibata, wani injiniya ɗan Japan, ya fara aikin ƙera wannan mutum-mutumi a 1993. Ya ba shi siffar jaririn wata dabbar teku mai farin gashi, domin mutane ba su san ta sosai ba, balle su kwatanta su ga aibi. Ana amfani da shi a gidajen kula da tsofaffi, musamman masu ciwon mantuwa.

Saɓani

Sherry Turkle, masaniyar zamantakewa 'yar Amurka, tana ganin zumunci da mutum-mutumi yaudara ne. Masu goyon baya suna cewa yana kwantar wa tsofaffi hankali.