Cromwell (tankar yaƙi a wasan World of Tanks)

Cromwell matsakaiciyar tankar yaƙi ce ta Birtaniya da ke mataki na 6 a World of Tanks, wasan kwamfuta na kamfanin Wargaming wanda ake jera tankoki mataki-mataki bisa ƙarfinsu. An shigar da ita wasan tare da sauran tankokin Birtaniya wajen ƙarshen shekarar 2012. Daga kanta ake buɗe tankar Comet, wadda ke mataki na 7.

Asalinta

An ƙera tankar ta ainihi a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da lambar A27M, aka raɗa mata sunan Oliver Cromwell. Abin da ya ɗaukaka ta shi ne injinta, Rolls-Royce Meteor mai ƙarfin doki 600, wanda aka samo daga injin Merlin na jiragen yaƙi. Da shi tana kai gudun kilomita 64 a awa, amma daga baya aka rage gudun zuwa kusan 52 domin ƙafafunta ba sa jurewa. Mutum biyar ke tafiyar da ita. Ta fara shiga fagen daga a Normandi ta Faransa a Yunin 1944, a hannun Runduna ta 7 ta masu sulke. A ranar 13 ga watan, tankokin Tiger na Jamus sun ragargaza tankokin Cromwell da dama a garin Villers-Bocage, abin da ya fito da raunin sulkenta a fili. An ƙera kimanin 3,000.

Ƙarfinta a wasa

Gudu ne jarinta. Wasan ya bar mata kilomita 64 ɗin nan, don haka tana riga abokan gaba kama tudu, ta zagaya ta ɓullo wa manyan tankoki ta baya. Igwarta mai faɗin milimita 75 tana saurin ɗura harsashi. Ɓarnar kowane harbi kaɗan ce, amma idan ta samu gefen tanka mai nauyi sai ta yi ta zuba mata ba ƙaƙƙautawa. Ƙwararru kan ajiye ta zuwa ƙarshen karawa, lokacin da fili ya buɗe.

Rauninta

Sulken gabanta bai wuce milimita 64 zuwa 76 ba, kuma a miƙe yake, ba ya kautar da harsashi. Saitinta na watsewa idan tana gudu, ga ma'ajiyar harsasai mai saurin lalacewa. In ta haɗu da tankokin mataki na 8, da ƙyar take huda gabansu. Sabon ɗan wasa yakan ruɗu da gudun ya faɗa tsakiyar maƙiya tun a mintin farko.

Saɓani

Babbar igwarta a wasan, Vickers HV, ba ta shiga hasumiyar Cromwell ta gaske ba, wato ɓangaren sama mai juyawa da ke ɗauke da igwa; wannan na cikin dalilan ƙera Comet. Masu bin tarihi na sukar hakan, wasu na ganin daidaita wasa ne kawai.

A wasan akwai kuma wani samfurinta, Cromwell B, ta saye da kuɗi.