Ku daina janye yara daga asibiti don "ba a ga canji ba"

Iyaye mata da iyaye maza, musamman ku maza, da ku nake. A asibitin da nake aiki muna da littafin da muke rubuta sunayen yaran da ake kawowa saboda jinkirin zama, jinkirin tafiya ko nauyin baki. Watan farko kowa na zuwa a kan lokaci. Kafin wata na uku sai ka ga sunaye sun fara ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. In muka haɗu da uwar yaro a gidan suna ko ranar rigakafi muka tambaye ta, amsar ba ta sauyawa: "Wallahi Malama mun yi ta zuwa ba mu ga wani canji ba, shi ne babansa ya ce a bari."

A bar me? Yaro ɗan shekara uku ne fa, yanzu aka fara.

Na san canjin da kuke jira. Kuna so ku wayi gari ku ga ya miƙe da gudu, ya kira Mama da Baba, a ɗinka masa yunifom ya bi ɗan maƙwabta zuwa nazare. Babu laifi a wannan buri, mu ma shi muke yi masa. Amma yaron da shawara ta kama da ƙarfi yana jariri, ko aka sha doguwar naƙuda kafin a haife shi, ko sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, ba da ma'aunin ɗan maƙwabta ake auna shi ba. Da kansa ake auna shi: yaya yake wata uku da suka wuce, yaya yake yau?

Wata uwa ta zo mana da 'yarta mai shekara huɗu, ta ce yau ne zuwansu na ƙarshe, ta gaji. Yarinyar nan da aka fara kawo ta wuyanta ko tsayawa ba ya yi, a kwance ake ɗura mata koko. Na tambayi uwar yadda take shan ruwa yanzu. Ta ce, "Ai ita ke riƙe kofin da hannu biyu, sai dai rabi a riga yake ƙarewa." Haba baiwar Allah! Yarinyar da ba ta iya ɗaga kai, yau tana zaune a jingine, ta kama kofi, ta kai baki, ta haɗiye ba ta ƙware ba, kuma ki ce ba canji? Wata da watanni masu gashin ƙashi, wato ma'aikatan da ke motsa wa yara gaɓoɓi, suka yi suna neman wannan riƙon kofin. Uwar ta ga rigar da ta jiƙe, ba ta ga hannun ba.

Haka yaron da ba ya magana. Da in yana jin ƙishirwa sai dai ya kwanta a ƙasa yana ihu yana buga kai, a rasa abin da yake so. Yanzu yakan kama zanen uwarsa ya ja ta har gaban randa ya nuna da yatsa. Wannan ita ce maganarsa ta farko, ko da baki bai buɗe ba. Amma sai uba ya dawo daga kasuwa ya ce, "Ya ce Baba?" A ce a'a. Ya ce to asarar kuɗin mota kawai ake yi.

Ku ji abin da ke biyo bayan "a bari". Ƙwaƙwalwar yaro ta fi karɓar koyo kafin ya cika shekara biyar. In aka daina motsa masa gaɓoɓi, ƙafa da hannu sukan ƙage su sandare. Sai yana shekara takwas, ya yi wa uwa nauyin goyo, a dawo mana da shi ana cewa a taimaka. Za mu karɓe shi, ba ma korar kowa, amma abin da gashi da wasa za su gyara a da, yanzu wataƙila sai an tura ku Asibitin Ƙashi na Dala, kuma ba duka zai dawo ba.

Ba wai ban san wahalar ba. Goya yaro ɗan shekara huɗu a shiga adaidaita sahu da shi ba wasa ba ne. Ga layi, ga kuɗin mota, ga ƙannensa an baro a gida, ga bakin mutane, wannan ta ce ɗan ruwa ne, waccan ta ce iska ce ta shafe shi. Uwar da ta jure wannan ta cancanci a yi mata sannu, Allah Ya saka muku da alheri. To amma kai maigida, kana da na sayen data da na gidan kallon ƙwallo, na motar kai ɗanka asibiti ne ya zama asara? Sau nawa ka taɓa raka su ka ji da kunnenka abin da likita ya ce? Ba ka zo ba, ba ka gani ba, kuma kai ne mai yanke hukuncin a bari.

Ku yi addu'a, ku yi sadaka, babu mai hana ku, amma ku kawo shi. Kuma don Allah a daina kai yaro wajen wanzami a yanke masa linzami don bai yi magana ba. Da yawansu kunne ne ba ya ji, sai an gwada ake ganewa.

Masu tambayar makaranta kuma, dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba yaran nan haƙƙin karatu kyauta har sakandare. A Kano ga makarantar Tudun Maliki ta kurame da makafi. Sai dai kowace makaranta za ku kai shi, zai fi jin daɗinta in ya iya zama wuri ɗaya na ɗan lokaci, ya ci abinci da hannunsa, ya nuna yana jin fitsari. Waɗannan ƙananan abubuwan da kuke rainawa su ne shirin shiga ajin.

A taƙaice, ga abin da nake roƙo:

- Ku tambayi mai duba shi abu ɗaya ko biyu da ake so ya iya nan da wata uku, ku riƙe su.
- Ku ɗauke shi bidiyo a waya yau, ku sake ɗauka bayan wata uku, ku nuna wa babansa.
- Motsa jikin da aka koya muku, kullum a gida, ko na minti goma ne.
- Ku fito da shi tsakar gida cikin yara, ku riƙa yi masa magana kuna kiran sunan abubuwa.
- In kuɗin mota ya gagara, ku faɗa mana a rage yawan zuwan, kada ku ɓace.

Waɗanda kuka riga kuka daina zuwa, ku dawo ranar asibiti mai zuwa. Ko katin ya ɓata ku zo haka nan, sunan yaron yana cikin littafi.