CK ɗin da ke takardar gwajin mama

Kusan kullum sai an turo min hoton takardar gwaji an zagaye "CK" da jan biro. Ga amsa, a daina turowa tsakar dare.

Mene ne CK?

Saitokeratin. Furotin ne mai kama da zare da ke tallafe ƙwayar jiki daga ciki, dangin na gashi da farce.

Ganinsa alamar sankara ce?

A'a. Naman mama mai lafiya cike yake da shi.

To lambobin fa?

Ɗan Adam yana da ƙwayoyin gado 54 na keratin, a kuromosom na 12 da na 17, lambobin kuwa daga jadawalin masanin nan Roland Moll ne na 1982. Bututun da nono ke bi rufi biyu gare shi. Ƙwayoyin ciki suna yin CK7, 8, 18 da 19. Na waje, masu matsewa su turo nono, suna yin CK5, 14 da 17. Gadon nasu ɗaya ne, makunnin ne daban: furotin p63 ke kunna na waje, furotin GATA3 ke riƙe halin na ciki.

Takardata ta ce akwai CK5/6. Muguwar ce ke nan?

Hajiya, zauna tukuna. Ya danganta da abin da aka yanko, da kuma inda launin da muke sa wa naman a ɗakin gwaji don gano CK ya kama. Idan ƙwayoyi ne suka yi yawa cikin bututu, muka ga ruwan ƙasa-ƙasa ya kama nan, ya tsallake can, kamar zanen atamfa, sau da yawa albishir ne: tsiro ne mara illa. Wanda ya fito fes, iri ɗaya, bai kama ko kaɗan ba, shi ya fi sa mu gyara zama. Amma in an riga an tabbatar sankara ce da ta keta bututu, kuma ita kanta ke yin CK5/6, tana iya zama irin wadda ta ari halin ƙwayoyin waje. Irin wannan galibi ba ta da ER, PR ko HER2, wato furotin ɗin da wasu magungunan sankara ke kamawa, don haka maganin tamoksifen ba ya cin ta, sai a koma kemo. Tana yawan zuwa da lahanin ƙwayar gado ta BRCA1, an kuma fi ganinta a matan Afirka ta Yamma fiye da Turawa. Galibi na ce, ba kullum ba. Naman da ya daɗe kafin a jefa shi cikin fomalin, ruwan da ke adana nama, ma yakan yi mana ƙarya a launi. Ki kai takardar gaba ɗayanta wurin likitan da ya duba ki, ba layi ɗaya ba.

Ƙari ya fito a hantata, me ya kawo CK7 da CK20?

Asalinsa ake nema. Na mama yawanci yana da 7, ba shi da 20. Na babban hanji akasin haka.

Zogale ko habbatus sauda za su rage CK ɗin?

Rage shi ki yi me? Ki je ranar da aka ba ki.