Kare Tsofaffin Motoci Masu Daraja Daga Sata

Kare tsofaffin motoci masu daraja daga sata ya ƙunshi duk dabarun da masu irin waɗannan motoci, da kamfanonin inshora, da 'yan sanda suke bi don kada a ɗauke mota mai tarihi ko a kwance mata kaya, in kuma ƙaddara ta faɗa, a gano ta a mayar wa mai ita. Ƙungiyar FIVA, wadda aka kafa a 1966 don haɗa kan masu adana tsofaffin ababen hawa na duniya, tana ɗaukar mota a matsayin ta tarihi idan ta kai shekara 30, aka riƙe ta a siffarta ta asali, kuma ba da ita ake zirga-zirgar yau da kullum ba. Jamus ma shekara 30 ta yanke, kuma tun 1997 take ba irin waɗannan motoci lamba mai harafin H a ƙarshe. A Birtaniya sai mota ta cika 40 ake yafe mata harajin hanya. Ta fuskar shekaru, Peugeot 504 na farko-farko da aka haɗa a Kaduna daga 1975 sun daɗe da shiga wannan sahu.

Raunin da aka ƙera su da shi

Yawancin motocin nan an ƙera su ne a lokacin da masu ƙira ba su sa ɓarawo a lissafi sosai ba. Makullin sitiyari, wanda yau kowa ke ganin ba mota sai da shi, bai zama dole a sababbin motocin Jamus ta Yamma ba sai 1961, a Amurka sai 1970, a Birtaniya kuma 1971. Na'urar da ke hana inji tashi in ba a kawo mabuɗinsa na ainihi ba, ita kuwa sai 1998 ta zama tilas a Jamus da Birtaniya, a Ostareliya 2001, a Kanada 2007. Yawanci motar da ta riga waɗannan dokoki fitowa, tsakaninta da ɓarawo 'yan wayoyi ne a bayan dashbod. Wanda ya taɓa zama a garejin kanikawa ya san yadda ake haɗa su.

Ƙofofin ma haka. Motocin Ingila da yawa na shekarun 1950 da 1960 an buga lambar mabuɗinsu a fuskar makullin, inda kowa zai leƙa ya karanta, ya je a yanka masa irinsa. Makullin da ya shekara 50 ana murɗa shi yakan saki har mabuɗin wata mota ya buɗe shi. Mota mai rufin tamfol kuwa wuƙa kawai take buƙata, ita ma ƙaramar tagar nan mai kusurwa uku da ke gaban ƙofa ba ta da wuyar ɓamɓarewa.

Sai kuɗi. Ferrari 250 GTO guda ɗaya ta yi dala miliyan 48.4 a gwanjo a 2018, a 2022 kuma aka sayar da wata Mercedes-Benz 300 SLR yuro miliyan 135. Amma irin waɗannan kowa ya san su, sayar da su a ɓoye ya yi kama da sayar da hasumiyar gari. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne masu matsakaicin farashi da aka ƙera da yawa, irin su Ford Escort na farko, Mini, Volkswagen Beetle da Land Rover, domin kayan gyaransu na da kasuwa kuma da wuya a bambance ƙofar wannan da ta waccan. Bayan an daina ƙera tsohuwar Land Rover Defender a watan Janairun 2016, manoman Birtaniya sun sha wayar gari su tarar da motar tana nan inda suka bar ta, amma ba ƙofofi ba bonet, saboda abin da ke riƙe da su a waje yake, ana kwance shi cikin 'yan mintoci.

Ɓarayi iri-iri ne

Akwai wanda kawai ya samu dama ya ɗauka don yawo. Akwai mai yi wa mota filla-filla ya sayar da kayan, wanda shi ne ya fi ɓarna, don motar da aka wargaza ba ta dawowa. Akwai kuma wanda aka aiko takanas ya kawo wata mota ta musamman. Shi wannan ba ya ma wahalar tayar da inji: da tirela ko janwe yake zuwa, daga nan sai kwantena, sai tashar jirgin ruwa. Kowane irin kariya yana maganin wani ne a cikinsu ya bar wani, shi ya sa masana harkar ke cewa a jera su hawa-hawa.

Ma'ajiya da riƙe baki

Tsohuwar mota ta fi yawan rayuwarta a ajiye, don haka gareji shi ne katanga ta farko. Ana so ya zama mai ƙofa mai ƙwari da kwaɗo na kirki, taga a rufe yadda ba a ganin ciki, da fitila da kyamara. Wasu sukan kafa turken ƙarfe a bakin ƙofa, ko su binne zobe a siminti su ɗaure motar da sarƙa, ko su ajiye motar hawa ta yau da kullum a gabanta ta tare hanya. Mabuɗi da takardun mota ba a barin su a garejin. Kayan aiki irin su na'urar yanka ƙarfe ma a kulle su daban, kada mutum ya tanadar wa ɓarawo makami da hannunsa.

Riƙe baki yana da nauyi fiye da yadda masu sha'awar motoci ke so su yarda, domin wanda ya kashe shekara biyar yana gyaran mota burinsa a gani. Hoton da aka ɗora a Facebook ko Instagram yakan nuna lambar mota, fasalin gida, wani lokaci har unguwa. An san ɓarayi na zuwa bikin baje kolin motoci su zaɓi abin da suke so, su bi mai ita a baya har gida, ko su liƙa mata ƙaramar na'urar bin sawu su dawo daga baya. Tallar sayar da mota ma ƙofa ce: mai zuwa kallo ba lallai mai saye ba ne. Gini mai tsaro kuma ba tabbaci ba ne. Aston Martin DB5 da ta fito a fim ɗin James Bond mai suna Goldfinger na 1964, daga rumfar ajiye jirage a filin jirgin saman Boca Raton da ke Florida aka sace ta a watan Yunin 1997, kamfanin inshora ya biya dala miliyan 4.2.

Ƙarfe da lantarki

Sandar kulle sitiyari ita ce aka fi sani. A Amurka samfurin The Club, wanda James Winner ya fito da shi a 1986, ya yi suna ƙwarai, sai dai ɓarayi sun gano cewa yanka sitiyarin ya fi yanka sandar sauƙi. Daga nan aka samu irin wanda ke rufe sitiyari baki ɗaya kamar faifai. Akwai masu kulle birki da kuloci, masu kulle giya, da maƙatar taya, wadda ita ce ke ba mai tirela wahala. Dukansu ana iya karya su. Amfaninsu shi ne su ci lokaci, su jawo ƙara, su sa ɓarawo ya ga cewa ta gaba ta fi sauƙi.

A nan sauƙin ƙirar tsohuwar mota yakan koma alheri. Buɗe bonet, ɗage murfin distiributa, zare ɗan abin nan mai juyawa da ke raba wa fulogi wuta, wanda bai wuce babban yatsa ba, a sa a aljihu: motar za ta yi ta gurnani amma ba za ta tashi ba. Dabarar ta tsufa, har a 1940, lokacin da Birtaniya ke fargabar mamayar Jamus, doka ta tilasta wa direbobi su hana motar da za su bari ba kowa tashi, kuma wannan ce hanyar da aka fi bi. Haka nan ana ɓoye ɗan makunni da ke yanke wutar koyil ko ta famfon mai, ko a sa famfon rufe mai a bututu. Wannan na ƙarshe yana da kyau ta wata fuska: motar za ta tashi da ɗan man da ya rage a kafireta, ta yi 'yar tafiya, sannan ta mutu a tsakiyar titi, inda ɓarawo ba zai so tsayawa bincike ba. Sharaɗin duk waɗannan shi ne kada a ɓoye makunnin inda kowa ke ɓoyewa, wato ƙarƙashin sitiyari.

Jiniya da na'urorin zamani suna shiga tsohuwar mota, amma da lura. Wasu motocin batirinsu mai bolt 6 ne, kamar Beetle kafin 1967, motocin Ingila da dama kuma har tsakiyar shekarun 1960 ɓangaren wuta mai alamar tarawa ake haɗawa da jikin mota, saɓanin yadda ake yi yanzu. Na'urar da ba a yi ta don haka ba za ta ƙone ko ta ƙi aiki. Ga kuma shan batir ga motar da ke kwana watanni ba a tayar ba. Bakaniken da ya san aikinsa ba ya huda dashbod ko yanka wayoyin asali, domin duk ramin da aka yi yana rage wa motar daraja. A Birtaniya cibiyar Thatcham, wadda kamfanonin inshora suka kafa a 1969, ita ke gwada irin waɗannan na'urori ta jera su aji-aji.

Bin sawu

Tsarin bin sawun mota na LoJack ya fara aiki a jihar Massachusetts ta Amurka a 1986, Tracker kuma a Birtaniya a 1993, dukansu da siginar rediyo da motocin 'yan sanda ke kamawa. Na yanzu sun fi dogara da tauraron ɗan Adam da layin waya, suna buga wa mai mota ƙararrawa da zarar ta motsa ba a kunna ta ba. Rauninsu shi ne kwantenar ƙarfe da ginin ƙarƙashin ƙasa suna toshe su, akwai kuma na'urar dagula sigina. Siginar rediyo ta fi jure wannan. Ɓarayi sukan ajiye motar sata a wani lungu kwana biyu ko uku su ga ko za a biyo ta, shi ya sa wasu ke sa na'ura biyu, ɗaya inda za a gani a cire, ɗaya a can ciki. AirTag, ɗan abin bin sawu na kamfanin Apple, yana da arha, amma an yi shi ne ya sanar da duk mai waya da yake biye da shi, har da ɓarawon.

Lamba da takarda

Wannan ɓangaren ne aka fi sakaci da shi, alhali shi ne ya fi dawo da motoci. Lambar shaidar mota mai harafi da alƙaluma 17 ba ta zama bai ɗaya ba sai 1981. Kafin nan kowane kamfani da tsarinsa, sau da yawa a kan ɗan faranti da aka ɗaure da ƙusa biyu, wanda cire shi a sauya da na mushen wata mota ba wuya. Saboda haka ake so mai mota ya rubuta lambar shasi, da ta inji, da ta akwatin giya, ya ɗauki hotonsu, ya ɗauki hoton duk wani tabo, walda ko gyara da ba wanda ya sani sai shi, ya ajiye kwafi a wani wuri daban. Ana kuma shafa wa sassa ruwan shaida irin na SmartWater ko SelectaDNA, ko ƙananan ɗigo masu ɗauke da lamba, don ko an wargaza motar a gane kayanta. Takardar shaidar asali daga kamfani ko cibiyar da ke adana bayanan ƙira, irin ta Ferrari Classiche ko ta British Motor Industry Heritage Trust, tana tabbatar da lambobin da mota ta fito da su.

Misalai sun nuna tsawon ran lamba. An sace wata Chevrolet Corvette ƙirar 1968 a New York a watan Janairun 1969. Jami'an kwastan suka tare ta a tashar jirgin ruwa ta Long Beach a ƙarshen 2005 ana shirin kai ta Suwidin, an sauya mata launi, amma lambarta na nan a rajistar motocin sata. Wata Austin-Healey 3000 ƙirar 1967 da aka sace a Philadelphia a 1970, mai ita ne da kansa ya gan ta a shafin saye da sayarwa na eBay a 2012 a hannun wani dillali a Kalifoniya. Shekara 42 yana riƙe da mabuɗin da takardar mallaka. Da farko ba a ga motar a rajista ba saboda an yi kuskuren harafi ɗaya wajen shigar da lambar, sai da aka tono tsohon rahoton 'yan sanda. Ferrari F512M ta direban tsere Gerhard Berger, wadda aka sace a garin Imola na Italiya a watan Afrilun 1995, 'yan sandan Landan sun ƙwato ta a 2024 bayan kamfanin Ferrari ya binciki lambarta lokacin da ake cinikinta.

Mai saye ma yana da nasa aikin. Interpol na da rumbun bayanan motocin sata na ƙasa da ƙasa, a Amurka kuma ƙungiyar NICB ta kamfanonin inshora tana barin kowa ya duba lamba kyauta. Wata Talbot-Lago ƙirar 1938 da aka sace a Milwaukee ta jihar Wisconsin a 2001 ta sake ɓulla a 2016, lokacin da wanda ya saye ta sama da dala miliyan 7 ya je yi mata rajista a Illinois. Rikicin mallakarta ya kai har Kotun Ƙolin jihar Wisconsin.

Inshora

Inshorar mota ta gama-gari tana biyan farashin kasuwa bayan cire tsufa, abin da ba ya yi wa mota mai tarihi adalci. Kamfanoni na musamman, irin su Hagerty da ya fara a Michigan a 1984, suna yarda da mai mota a kan wani farashi tun farko, su rubuta shi. Yawanci sukan gindaya sharuɗɗa: mota ta kwana a gareji a kulle, kada tafiyarta ta wuce wani adadi a shekara, wani lokaci sai an sa na'urar bin sawu. Saɓa sharaɗi na iya hana biya. Ana so a riƙa sabunta ƙimar, don farashin irin waɗannan motoci yana hawa da sauka. Idan kamfani ya biya diyya, mallakar motar ta koma gare shi, sai dai in yarjejeniyar ta ba mai ita damar mayar da kuɗin ya karɓi abarsa ranar da aka gano ta.