Shakku kan Ra'ayoyin Yaƙin Zamani da Farfagandar Intanet

Shakku kan ra'ayoyin yaƙin zamani matsaya ce ta wasu masana tarihin soja da manazarta harkokin tsaro, waɗanda ke ganin cewa abubuwan da ake kira yaƙin gamin gambiza ko yaƙin intanet tsofaffin dabaru ne aka raɗa wa sabon suna, kuma ana zuzuta tasirin farfagandar da ƙasashe ke yaɗawa a kafafen sada zumunta fiye da abin da hujja ta nuna.

Frank Hoffman, wani manazarcin soja a Amurka, shi ya fito da batun yaƙin gamin gambiza, wato haɗa salon yaƙi iri-iri a lokaci guda, fili a 2007, bayan ya yi nazarin yadda Hizbullah ta haɗa makamai masu linzami da yaƙin sunƙuru a karawarta da Isra'ila a 2006. Da Rasha ta ƙwace yankin Kirimiya daga Yukren a 2014 da sojoji marasa tambari a kafaɗa, sai kalmar ta cika bakin jami'an NATO, har ta kai ga ana kiran kutse da cin hanci da ƙaryar jarida duk da wannan suna. Masu suka na cewa kalmar da ta ɗauke komai ba ta fayyace komai, kuma yaudara ta girmi intanet: tun a 1983 hukumar leƙen asirin Tarayyar Soviet, KGB, ta dasa labari a wata jaridar Indiya cewa Amurka ce ta ƙirƙiri cutar ƙanjamau.

Misalin da suka fi kafa hujja da shi shi ne abin da aka kira aƙidar Gerasimov. A watan Fabrairun 2013 babban hafsan sojin Rasha, Valery Gerasimov, ya wallafa maƙala a wata jaridar harkokin soja, inda ya bayyana yadda yake ganin ƙasashen Yamma na tunzura jama'a su kifar da gwamnati, kamar a juyin juya halin ƙasashen Larabawa. Mark Galeotti, masani ɗan Birtaniya, ya laƙaba wa fassarar maƙalar wannan suna a 2014 domin take ya ja hankali kawai. Kafin a ankara, sunan ya shiga rahotannin gwamnatoci a matsayin tsarin yaƙin Rasha, alhali Gerasimov yana bayanin abin da yake zargin abokan gaba da shi ne. A 2018 Galeotti ya fito ya nemi afuwa, ya ce babu wata aƙida mai wannan suna.

Mamayar da Rasha ta kai wa Yukren a ranar 24 ga Fabrairun 2022 ta ƙara wa masu shakku ƙarfi. An kai wa kamfanin tauraron ɗan'adam na Viasat harin kutse a ranar, amma makomar fagen daga ta koma hannun tankoki da manyan bindigogi da ramukan ɓuya.

A ɓangaren farfaganda, gardamar ta fi tsanani kan ma'auni. Facebook ya ce saƙonnin wata cibiyar Rasha da ke Saint Petersburg sun iya kaiwa ga Amurkawa miliyan 126 a shekarun da suka kewaye zaɓen 2016, sai dai wucewar saƙo ta gaban ido daban, sauya zuciya daban. Wani bincike kan Twitter da mujallar Nature Communications ta buga a 2023 ya gano cewa kashi 1 cikin 100 na masu amfani da shafin su suka ga kashi 70 na saƙonnin, akasarinsu riƙaƙƙun magoya bayan jam'iyyar Republican ne tun asali, kuma ba a ga alamar sauyin ra'ayi ko ƙuri'a ba. Masu mayar da martani na cewa irin wannan bincike ba ya iya auna zaizayar yarda da hukumomi a tsawon shekaru, kuma suna da gaskiya a nan. Masu shakkun kuwa ba su musanta cewa ana aikin ba. Abin da suke jan hankali a kai shi ne kururuta shi talla ce kyauta ga masu yin sa. Yevgeny Prigozhin, wanda ya ɗauki nauyin cibiyar, ya fito da kansa a Nuwamban 2022 yana alfahari cewa sun tsoma baki a zaɓen Amurka kuma za su ci gaba.